Linzamin Nomau

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin damunar 1984, damunar da ta amsa suna kawai ba ta kawo ruwa ba, Kaka ta cafke ƙanena Nomau a tsakar gidanmu da ke Gatawa, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, ta ce yau sai ta ga abin da ke ɓoye a bakin nan. Kaka ita ce mahaifiyar Babanmu, tsohuwa mai ƙarfin hannu da raunin kunne, wadda idan ta yanke magana ba a ɗinkewa. Ta danna masa kumatu, ta tura ɗan yatsa ƙarƙashin harshensa tana lalube. Nomau ya bari sai da yatsan ya shiga sosai, sannan ya datse. Ihun da Kaka ta yi ya tayar da kajin maƙwabta. Da ta samu ta ƙwaci hannunta, sai ta yarfe shi, ta duba sawun haƙora, ta juya wajen Baba da ke gyaran kalmensa na noma a ƙofar ɗaki ta ce, "Linzami na, halshenai ɗamre shike. Shekara ukku ko ƙala bai ce ba, amma cizo ya iya. A kira wanzam."

Gaskiyar Kaka ɗaya ce, Nomau bai taɓa magana ba. Yana tafiya, yana gudu, yana hawa turmi ya diro, kuma kunnensa ras yake, don ko a bayan gida yake ya ji an taɓa murfin tukunya sai ka gan shi a bakin murhu. Magana ce dai ya ƙi. Abin da yake so da leɓe yake nunawa, abin da ba ya so ya juya masa ƙeya. Ni ce babbar yayarsa, ni ce mai rainonsa, ina da shekara tara ko goma, kuma ni ce tafintansa. Ya turo baki in ce ruwa yake so, ya ɗage gira in ce bayan gida, ya tsuke fuska in ce an taka masa gwangwani. Ni kuwa Allah ya hore mini baki tun ina ƙarama, har Kaka takan ce a ciki na kwashe rabona na haɗa da na wanda zai biyo ni. Ban taɓa yarda da wannan ƙazafi ba, har yau kuma ban yarda ba.

Ban ji tsoron kalmar wanzam don komai ba sai don na taɓa gani da idona. An yi wa wani yaro a unguwarmu yankan linzami, wato ɗan zaren naman da ke ƙarƙashin harshe, na leƙa ta katanga na ga jini, na kuma ga yadda yaron ya daɗe ba ya iya haɗiyar komai sai ruwan kunu. Wancan yaron ɓulɓul yake, a shekarar ƙoshi aka yi masa. Nomau kuwa a shekarar nan wuyansa ya zama siriri, haƙarƙarinsa duk a waje, in ya daina cin ɗan abin da ake samu ban san me zai rage ba. Inna ma ta sani, na ga yadda hannunta ya tsaya cak a kan faifai, amma surukar gida ba ta musu da uwar miji a tsakar gida. Baba ne ya yi ɗan ƙoƙari irin nasa. Ya shafa kansa da aka aske ƙwal kwanan nan, ya ce babu amfanin a taso bawan Allah don abu guda, a bari sai suma ta fito, in wanzam ya zo yi masa aski sai a haɗa. Kaka ta yi ƙwafa ta amince.

Tun daga ranar na zama mai gadin kan Baba. Duk sanda ya cire hula zai yi alwala ina nan tsaye da buta, wai ladabi, alhali suma nake dubawa. Abin haushi, gero ya ƙi tashi a gona, ya tsaya iya ƙauri yana nannaɗe ganye, amma sumar Baba sai ka ce ban-ruwa ake yi mata. Na roƙi Allah ya tsayar da ita, na roƙa ya saukar da ruwa, ban san yadda aka yi addu'o'in suka sauya wuri ba.

Inna ce ta ba ni dabara. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana, kuma ba ta cika kallona ido cikin ido ba. Tana tankaɗe ta ce, kamar da rariya take magana, "Ke, nemo mai abin wasa. Yaro wurin wasa shika buɗe baki." Maganar ta yi daidai, sai dai fari ya riga ya cinye kayan wasan garin. A shekarar arziki, bayan girbi, kara ne kasuwarmu. Da shi maza ke yin doki da mota mai taya huɗu da tabarau, mu kuma mu fafe ɓawon mu yi gado da kujera da 'yan tukwane na totuwa. Lakar bakin tafki kuma ta ba mu shanu masu tozo da raƙuma masu karyayyen wuya. A bana tafki ya tsage ya bushe ƙamas, kara kuwa ya zama abincin dabbobi, har tsohon darni ake zarewa a ba su. Ƙashi ne kaɗai ya yi yawa, don makiyaya na ta yanka shanun da suka kasa tashi. Na samo ƙashin ƙafar saniya, na wanke, na ɗaura masa tsumma, na yi 'yartsana na miƙa wa Nomau. Ya shinshina, ya ajiye, karen maƙwabta ya zo ya ɗauka da zanen da komai.

Na koma ga Baba na roƙi kara guda, ya zaro mini daga darnin bayan ɗaki yana waige-waige. Na karya kan, na ɗaura zare, doki ya samu. Dabarata ita ce duk yaron da ya hau dokin kara dole ya yi masa tsawa ko ya yi haniniya. Nomau ya hau, ya zagaya tsakar gida cikin natsuwa, bakinsa gum. Jar akuyar Kaka ta hango, ta tsinke igiya ta biyo shi, ta fara ci daga wutsiya. Yana tafiya tana bi tana taunawa, har ta iso inda yake zaune. Ya waiwaya ya ga babu doki sai ɗan guntun da ke hannunsa, ya dube ta, ya miƙa mata sauran.

Kafin a jima unguwa ta ji labari, kowa kuma ya zama masanin abin da ya dace da yaro. Matar malamin makarantar allonmu ta aiko da ɗan ƙaramin allo, ta ce ya riƙa riƙewa albarkar karatu za ta kwance shi. Ya riƙe ƙwarai, ya mayar da shi abin kashe tururuwa. Wata ta kawo ɗan gora da tsakuwa a ciki, ya fasa don ya ga mai surutun. Mafi muni shi ne usur, wanda wani ɗan maƙwabta ya ba mu da kyakkyawar niyya. Wannan kam Nomau ya so shi. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta busa yake, kaji suka daina shigowa gidan, jaki ya riƙa amsawa daga turke, Inna ta ɗaure kai da kallabi biyu. Kaka kaɗai ke zaune lafiya tana kaɗi, tana cewa ai yaron ya yi hankali kwanan nan. A nan na gane abin wasan da ya cika baki ba ya barin wurin magana. Wata safiya aka wayi gari usur ya faɗa rijiya, kuma Baba ne kaɗai ya ga faɗawarsa.

Ana cikin haka sai ga Kawu Illo, ƙanen Inna, wanda ke fatauci tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, ba ya kuma gama zance sai ya saka "wala" ko "dakwar" don a san ya ƙetara iyaka. Ya ji halin da ake ciki, ya ce duk wahalar banza muke sha, ba a koya wa yaro magana da abin da shi kansa bebe ne. Zuwansa na gaba ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya kwance ƙunshi a gaban kowa. 'Yartsana ce ta roba, fara sol, gashi ruwan ɗorawa, idanu shuɗɗa. In an kwantar da ita ta rufe ido, in an tayar ta buɗe, in an karkata ta kuma ta ce "mama" da wata 'yar siririyar murya. Kawu ya gyara hula ya ce, "Irin ta ɗiyan mushe ka wasa da ita can Maraɗi. Wala!"

Duk zancen nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Kaka. Ta miƙe tsaye ta ce, "Mushe? Cikin gidan ga?" Shekarar da mushen shanu ke zube a kowace hanya, ga wani ya kawo kayan 'ya'yan mushe ya ajiye kusa da tukunyar ruwa. Kawu ya sha fama yana ɗaga murya yana bayani, cewa a can ƙetare malamin makarantar boko ake kira haka, ba dabbar da ta mutu ba yanka ba. Kaka ta ce to lallai mutanen can ba su da kunya, su rasa abin da za su kira mai koya wa 'ya'yansu sai wannan. Duk da haka ta sa aka wanke 'yartsanar da toka kafin ta yarda a taɓa.

Nomau bai samu ganin kayansa da wuri ba. Matan unguwa suka mayar da gidanmu hanyar rijiya, kowace ta sauke tulu, ta karkata, ta ji "mama", ta dafe ƙirji ta yi salati, ta sake karkatawa. Dattawan da ke zama a zaure, masu gemu fari fat, suka aiko a miƙo musu, wai ba wasa za su yi ba, aikin Nasara kawai za su duba. Suka duba har la'asar. Kafin abin ya iso hannun mai shi, ido ɗaya ya maƙale a rufe, muryar kuma ta gaji, "mama" ta koma wani dogon "meee" mai rawa. Nomau ya karkata, ya saurara. Ya sake karkatawa. Sai ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa ba don kuka ko ci ba, ya ce "meee". Jar akuya ta amsa daga turke. Ya tafi wurinta ya tsuguna, suka yi ta yi, shi ya faɗa ita ta mayar. Kaka ba ta ji ba amma ta gani, ta ce a da bebe gare ta, yanzu an mayar mata da miji bunsuru, domin mijinta take kiransa irin na wasan kaka da jika. Ta dubi kan Baba, wanda hula ta fara ƙin zama, ta aika a gaya wa wanzam ya zo da safe.

Yammacin ranar na haƙura da neman abin wasa. Na ja Nomau muka koma bayan ɗaki, raina a ɓace, na zauna yin tuwon ƙasa don kaina, ba don shi ba. Na tara rairayi, na tofa ɗan ruwan da na ɓoyo a baki, na tuƙa da tsinke a cikin gwangwani, na murje busasshen ganye ya zama miya, na jera sakaina. A shekarar nan tuwon gaske sau ɗaya ake yi a gidanmu, wani lokaci na dusa, wani lokaci garin rogo, wani lokaci anza, 'ya'yan icen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar an sake jiƙawa. Inna ce ke rabawa, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Ba wanda ya kafa doka, amma kalmar "ƙara" ta fita daga gidan, ko mu yara mun san ba a faɗinta. A tuwon ƙasa kuwa ba a awo. Na yi malmala manya-manya irin waɗanda na daɗe ban gani ba, na ɗora wa Nomau ɗaya. Ya kai hannu baki yana taunar iska, ya zubar a gefe, ya miƙo sakaina, ya turo leɓe.

Na san abin da yake nufi sarai, amma haushinsa nake ji. Na ce ban gane ba. Ya sake turo leɓe, na juya masa baya, na ce tuwona ne, ni na tuƙa, mai so ya tambaya, na gaji da zama bakin wani. Ya ja mini zane, na fizge. Ya buga ƙafa, na ci gaba da tuƙi ina 'yar waƙata. Can sai na ji wata murya a bayana, kakkaura, a shaƙe, irin ta tsohon da ya tashi daga barci.

"Ƙala."

Na waiwaya ina neman wanda ya shigo. Babu kowa sai Nomau da sakainarsa. Ƙara yake nufi, harshen ne bai iya karkaɗa ra ba. Na zuba masa rairayi har ya rufe hannunsa, na kwasa da gudu wajen Inna ina haki na ce Nomau ya ce ƙala. Ta ce ya ce me? Na ce ƙala. Ta ce ta ji, ƙalar me ya ce? Na ce ƙala dai, ita kanta ƙalar. Inna ta ɗauka baƙar magana nake mata, ta ɗaga muciya, sai da na tsaya daga nesa na warware mata zancen. Ta ajiye muciyar a hankali. Ta ce in yi shiru tukuna, don in Kaka ba ta ji da kunnenta ba ba za ta yarda ba, kunnen nan kuwa mun san halinsa.

Da safe wanzam ya iso da zabirarsa. Dattijo ne mai fara'a, shi ya yi mana tsagen Gobir duk gidan, muna kiransa Baba Wanzam. Ya shimfiɗa buzu, ya jiƙa kan Baba, ya fara aski. Ina tsaye a gefe ina bin askar da ido. Da ya kai rabin kai na kasa daurewa, na faɗa tsakiya na ce Nomau ya yi magana jiya. Kaka ta ce ƙarya ce, na saba ara masa baki. Aka kawo shi, aka ce ya faɗa. Ya dubi aska, ya dubi Kaka, ya juya ƙeya. Na lallashe shi, na harare shi, na yi masa alkawarin abin da ba ni da shi, ko gezau. Na fashe da kuka na ce ba haka ake yi ba, sai an tuƙa tuwo. Baba Wanzam ya yi dariya, ya naɗe askarsa, ya ce shi dai bai karya ba, in akwai tuwo a gidan nan ba zai ƙi ba.

Haka manya suka tsuguna a tsakar gida suka kewaye gwangwanina. Baba da rabin kai ƙwal, rabi suma, ruwa na bin kunnensa. Kaka tana mita tana cewa an mayar da ita abokiyar wasan yara. Baba Wanzam ya naɗe hannun riga, ya kuma ce a kira uwar yaro, ba a cin abinci mai gida na tsaye. Inna ta zo ta rakuɓe a gefe tana jan mayafi. Na tuƙa, na kwashe, na raba. Ban yi tunani ba, hannuna ya yi rabon yadda idona ya saba gani kullum: babba ga baƙo, babba ga Baba, madaidaici ga Kaka, na Nomau, sannan ɗan guntun da ya rage a gindin gwangwani na kankare na sa wa Inna. Baba Wanzam ya yi bisimilla, ya kai loma kusa da gemu, ya lumshe ido, ya rantse bana bai ga malmala mai kyan wannan ba. Kowa na taunar iska, kowa na satar kallon Nomau.

Shi kuwa ko kallon nasa bai yi ba. Ya bi sakainun da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a ta Inna. Ya tashi, ya ɗauko ta da hannu biyu, ya zo gabana ya miƙo.

"Ƙala ma Inna."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Baba ya sunkuyar da rabin kansa. Ni kuwa na yi ta ɗibar rairayi ina zubawa, hawaye na ɗiga a ciki, har sakainar ta cika ta zube. Kaka ta dubi wannan ta dubi wancan ta ce, "Mi yac ce?" Baba Wanzam ya matsa kusa da kunnenta ya ɗaga murya yadda har maƙwabta suka ji, "Cewa yay yi a ƙara ma uwatai!" Kaka ta daɗe tana kallon sakainar, sannan ta dubi Inna irin kallon da ban taɓa ganin ta yi mata ba. Sai ta share ido da gefen zane ta harari Nomau ta ce, "To ni matatai hwa?" Baba Wanzam ya ƙarasa askin Baba, ya rataya zabira ya tafi, ba wanda ya sake ambaton linzami. Da aka sauke tuwon gaske a ranar, Kaka ta gutsuri nata ta jefa a kwanon Inna, ta ce umarnin mijinta ne, kada wanda ya yi mata musu.

Nomau yanzu ɗan kamasho ne a tasha, in yana kiran fasinjan garin Isa ana jiyo shi daga cikin kasuwa, wani lokaci in ya zo gidana ya fara zuba har nakan ce da na sani na bar Baba Wanzam ya yi aikinsa, ko ya rage wani abu. Ni kuma na tsufa a Sabon Birni, jikoki sun kewaye ni. In 'yata ta ce in raka ta zaɓen kayan wasa, mai shago ya yi ta jero mana masu waƙa da masu ƙirga da masu walƙiya, ni sai in wuce su in ɗauko 'yan kofuna da cokula da tukwanen roba, waɗanda ba su cewa komai, waɗanda kuma ba su da daɗi sai an zauna mutum biyu. Gatawa kuwa na daɗe ban kwana ba. Matan da suka baro ƙauyukanmu suna zuwa mu gaisa, suna ba ni labarin yadda yanzu suke koya wa 'yan shekara biyu da uku su haɗiye murya da zarar an ji ƙarar babura daga daji, yaron da ya fi iya shiru shi ake yabo. Ban taɓa zaton za ni yi kewar shekarar fari ba. A lokacin, shirun yaro ne ke ba mu tsoro.